Tun ranar yanka fuloti ake yanke wa gida farashi

A shekarar 1947 kamfanin Levitt ya fara gina wata sabuwar unguwa a kan gonakin Long Island, gabas da birnin New York a Amurka. Gidajen farko ba su da wani girma: ɗakin kwana biyu, falo, kicin da banɗaki ɗaya, duka cikin murabba'in ƙafa 750, wato kamar murabba'in mita 70. Kafin ƙarshen 1951 an gina sama da 17,000, kuma yawancin waɗanda suka tare a ciki sojoji ne da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, matasa masu sabon aure da ba su taɓa mallakar gida ba. Fararen fata kaɗai, domin kamfanin ya ƙi sayar wa baƙaƙe. Shekara guda bayan haka, a 1952, Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta tabbatar wa garin Wayne wata doka da ta ce gida mai hawa ɗaya ba zai gaza murabba'in ƙafa 768 ba. Ratar da ke tsakani ƙafa 18 ce, faɗin gadon mutum ɗaya, amma ta isa ta haramta a Wayne irin gidan da ya rufa wa dubban iyalai asiri a jihar da ke maƙwabtaka. Kotun ta karɓi hujjar cewa matsi a cikin gida yana cutar da lafiya, kuma ƙananan gidaje suna zubar da darajar unguwa.

Har yau waɗannan hujjoji biyu ake juyawa a zaurukan ƙananan hukumomi. Idan ka shiga sabuwar unguwa ka tarar babu gidan da malamin firamare ko ma'aikaciyar jinya za su iya saya, kada ka fara da zargin magini da haɗama, ko mai saye da son burga. Da su a ciki, amma daga baya suke shigowa. An riga an gama magana tun ranar da aka zana taswirar fulotai, da wasu 'yan lambobi da ke cikin kundin dokar tsara gari, kuma waɗanda suka amince da lambobin mutane ne da tuni suna da nasu gidan.

Alƙaluman Amurka sun fi na kowa fitowa fili. A 1973 matsakaicin sabon gida na iyali ɗaya murabba'in ƙafa 1,525 ne. A 2015 ya kai 2,467. A tsakanin waɗannan shekaru yawan mutanen da ke cikin gida ɗaya raguwa ya yi, daga kusan uku zuwa kusan biyu da rabi. Freddie Mac, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin da ke riƙe da bashin sayen gida a ƙasar, ta ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1980 kusan kashi 40 cikin ɗari na sabbin gidaje ba su kai murabba'in ƙafa 1,400 ba, amma a 2019 rabonsu ya faɗo zuwa kusan kashi 7. Mutane sun ragu, gidaje sun kumbura, gidan farawa ya kusa ɓacewa.

Don a ga yadda abin ke faruwa, bari mu yi lissafi, misali ne kawai ba wani wuri takamaimai ba. Mutum ya sayi gona eka 10 a bakin gari, kimanin murabba'in ƙafa 435,000. A cire kashi ɗaya cikin huɗu na tituna, magudanan ruwa da wurin da ruwan sama zai taru, saura kamar 326,000. Idan doka ta ce fuloti ba zai gaza ƙafa 100 a kan 100 ba, zai fitar da fuloti 32. Idan 50 a kan 100 ne, 65. Idan 30 a kan 100 ne, 108. Ka lura zurfin fulotan bai canja ba, fuskarsu ta bakin titi ce ke ƙanƙancewa. Saboda haka tsawon titin da za a zuba wa kwalta ɗaya ne, bututun ruwa ɗaya ne, bututun ƙazanta ɗaya ne, turakun lantarki kusan ɗaya ne, kuɗin gonar kuwa ko sisi bai motsa ba. Abin da ya canja shi ne yawan kawunan da za su raba nauyin: 32 ko 108. Mai fuska ƙafa 100 yana biyan kwalta da bututun ƙafa 100, ko ya sani ko bai sani ba, kuma bayan an miƙa wa ƙaramar hukuma titin, ita za ta ci gaba da gyaran wannan tsawon har abada da harajin gida ɗaya tal.

Daga nan sai awon magina ya shigo. A Amurka su da bankunan da ke ba su bashi suna da wani ma'auni na yau da kullum: kuɗin fulotin da aka gama yi wa titi da ruwa ya tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar na farashin gidan. Fulotin dala 100,000 ke nan yana neman gidan dala 400,000 zuwa 500,000. Babu mai ɗora ɗaki biyu da falo a kansa, domin ribar ba za ta biya hatsarin ba. Ga kuma wani abu da duk wanda ya taɓa gini ya sani: kicin da banɗaki su ne masu cin kuɗi, da famfo da tayil da wayoyi, amma ƙarin ɗakin kwana bango huɗu ne da rufi. Kuɗin takardar izini, kuɗin jona ruwa, da kuɗin da hukumomi da yawa ke karɓa a kan kowane sabon gida don makarantu da hanyoyi, a wurare da dama kan gida ake lissafa su, ba kan girmansa ba. Ƙaramin gida da ƙasaitaccen gida kuɗi ɗaya suke biya a bakin ƙofa. Wanda ya riga ya biya wannan duka, ribarsa tana cikin ƙara ɗakuna.

Girman fuloti shi ne uwa, amma yana da 'yan rakiya. Akwai dokar ja da baya, wadda ke cewa sai gini ya bar ƙafa kaza daga titi, kaza daga katangar maƙwabci, kaza daga baya. Akwai ta wurin ajiye mota, sau da yawa biyu ga kowane gida, wani wurin ma sai a rufaffen gareji. Akwai ta faɗin titi, ta iyakar abin da gini zai rufe na fuloti, har da ta irin kayan da za a yi wa fuskar gida. Kowace idan ka ɗauke ta ita kaɗai za ka samu dalilinta, kuma wanda ya kawo ta ba mugu ba ne. Sai an tara su a kan takarda ɗaya ake gane cewa gidan da ya cika dukkan sharuɗɗan ba zai taɓa yin araha ba. Babu kansilan da ya taɓa ɗaga hannu a kan ƙudurin da ya ce an hana masu ƙaramin ƙarfi zama a garinsa. A kan ƙafa da inci ake ɗaga hannu.

Ba yau aka gano haka ba. Birnin New York ya yi cikakkiyar dokarsa ta kasa ƙasa shiyya-shiyya a 1916. A 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar birnin Louisville da ta raba unguwanni bisa launin fata. A 1924 wani alƙalin kotun tarayya da ya duba dokar kasa ƙasa shiyya-shiyya ta ƙauyen Euclid na jihar Ohio ya faɗa ƙarara cewa abin da za ta haifar shi ne ware mutane bisa abin hannunsu. Kotun Ƙoli ta ture hukuncinsa a 1926, ta bai wa ƙananan hukumomi wuƙa da nama. Tun daga nan, aikin da aka hana yi da launi sai aka samu damar yin mafi yawansa da awo.

To me ya sa ba a gyara lambobin idan buƙata ta taso? A nan gizo ke saƙar. A mafi yawan garuruwa, mai son yanka ƙananan fulotai sai ya nemi a yi masa sassauci ko a sauya wa gonarsa shiyya, kuma wannan yana nufin zaman jin ra'ayin jama'a. Ana kafa allo a bakin gonar, ana aika takarda ga masu gidajen da ke kewaye da ita, a sa rana, galibi da yamma a tsakiyar mako. Kowa minti biyu ko uku. Na farko zai tashi ya ce titin da ke gaban gidansa ya riga ya cika da motoci. Ta biyu za ta nuna hoton ruwan da ya kwanta a bayan gidanta bara. Na uku zai ce ajin 'yarsa ya cika maƙil. Na huɗu zai faɗi abin da kusan kowa ke faɗi, cewa shi bai ƙi gidaje masu sauƙin kuɗi ba, amma ba nan ne wurinsu ba. Mai gonar da injiniyansa suna zaune a gaba da taswira, su kaɗai ke goyon baya, kuma kowa ya san riba ce ta kawo su.

Wanda zai zauna a gida na 87 cikin sabbin gidajen da ake neman ginawa fa? Ba a aika masa takarda ba, domin ba wanda ya san sunansa. Yana haya a wani gari, ko yana aikin dare, ko ma yana sakandare bai san nan da shekara shida zai nemi muhalli ba. Ba ya cikin rajistar masu zaɓen garin, kansila ba zai haɗu da shi a hanya ba. Wasu malamai uku na Jami'ar Boston sun bi takardun irin waɗannan zama a garuruwa 97 na jihar Massachusetts daga 2015 zuwa 2017. Sun tarar kashi 63 cikin ɗari na masu magana adawa suka yi da sabbin gidaje, masu goyon baya ba su wuce kusan kashi 15 ba, kuma masu zuwan sun fi sauran jama'a shekaru, sun fi zama maza, sun fi mallakar gida. Abin lura, a 2010 masu zaɓen jihar sun ƙi amincewa a soke dokarta ta 1969 da ke tilasta wa garuruwa karɓar gidaje masu sauƙi. A akwatin zaɓe sun ce e, a zaure an ce a'a. Ba ra'ayin jama'a zauren ke aunawa ba, ra'ayin wanda ya samu sukunin zuwa yake aunawa.

Da wuya a kori buƙatar gaba ɗaya. Sulhu ake yi. Gida 108 su koma 80, a ɗage zama, a nemi sabon binciken zirga-zirga, su koma 60 tare da ƙarin shinge da bishiyoyi a gefen tsoffin gidaje. Kansila ya fito a matsayin mai raba gardama, maƙwabta su tafi da jin sun yi nasara rabi. Amma kuɗin gonar yana nan, kuɗin ruwan banki na watannin jira ya hau kansa, kuma duk za a raba su ne a kan gida 60. Kowane gida da aka cire, farashinsa ya watsu a kan sauran. Babbar asarar ma ba a ganinta a kowace takarda. Maginin da ya sha wannan wahala sau ɗaya, gobe abin da doka ta yarda da shi ba tare da zama ba zai nema, wato manyan fulotai da manyan gidaje. Ƙaramin magini da ba shi da ƙarfin jiran shekara biyu kuwa ba ya ko gwadawa. Sai hukuma ta duba ta ce ai babu mai neman gina ƙananan gidaje, kasuwa ce ba ta so.

A yi wa maƙwabtan adalci. Ga yawancinsu gidan nan shi ne duk abin da suka tara a rayuwa, kuma ana iya yi masa inshorar gobara amma babu inshorar lalacewar unguwa. Masanin tattalin arziki William Fischel na kwalejin Dartmouth ya gina bayaninsa a kan haka tun 2001: mutumin da dukiyarsa ke wuri ɗaya zai ƙi duk canjin da bai san ƙarshensa ba, ko da alamu sun nuna ba zai cutu ba. Wasu koke-kokensu ma gaskiya ne tsagwaronta. Ƙarin rufi da siminti suna ƙara ruwan da ke gangarowa. Inda babu bututun ƙazanta na gari, kowane gida da rijiyarsa da ramin shaddarsa, babban fuloti larura ce ta lafiya. Sai dai maganin ambaliya shi ne a gindaya wa mai yanka fili adadin ruwan da zai riƙe a cikin gonarsa, injiniya ya auna, a duba. Wannan sharaɗi ne da yake nufin matsalar kai tsaye. Ninka girman fuloti kuwa tura gari yake yi ya ci ƙarin gonaki, ya ƙara tsawon kwalta, ya nesanta mutane da wurin aiki, kuma motocin da ake kuka da su a kan wancan titin dai za su bi, daga nesa kawai za su taso.

Akwai dalilin da ba a cika faɗinsa a lasifika ba, amma ma'ajin gari ya san shi. A Amurka babban kaso na kuɗin makarantu daga harajin gidaje na gari yake fitowa. Gida mai tsada da yaro ɗaya riba ne ga baitulmali, gida mai araha da yara uku faɗuwa ce. Kowane gari idan ya yi wannan lissafi shi kaɗai, zai so ma'aikatan da ke share ofisoshinsa da masu kashe masa gobara su kwana a garin gaba, garin gaban ma haka yake so.

Shari'ar Mount Laurel ta fito da wannan a sarari. Gari ne a New Jersey da baƙaƙen fata suka zauna a cikinsa tun zamanin kakanni, sai manyan hanyoyi suka iso, aka fara yanka gonaki ana gina wa masu hali. Wata mata mai suna Ethel Lawrence da jama'arta suka nemi izinin gina gidaje 36 don kada a rasa inda za a sa iyalan da ake rushe wa tsoffin muhallai. A 1970 aka ba su amsa a cikin cocinsu, cewa wanda ba zai iya zaman garin ba sai ya tashi. Suka tafi kotu. A 1975 Kotun Ƙolin jihar ta ce duk gari mai bunƙasa wajibi ne ya buɗe hanyar ɗaukar rabonsa na gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Garuruwa suka yi ta wasa da hankali, wasu suka ware fadama ko bayan masana'antu suka ce ga wurin nan. Sai da kotun ta sake hukunci mai haƙora a 1983, majalisar jiha ta yi doka a 1985. Ethel Lawrence ta rasu a 1994, rukunin gidajen da aka sa wa sunanta bai buɗe ba sai 2000, shekara 30 bayan amsar coci. Da masanin zamantakewa Douglas Massey na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa suka bincika daga baya, ba su ga rukunin ya ƙara laifuka ba, ba su ga ya faɗar da darajar gidajen kewaye ba, ba su ga ya ɗaga haraji ba. Duk abin da aka ji tsoro bai zo ba, amma an ci shekara 30 ana jin tsoronsa.

Hanyoyin gyara da aka gwada iri biyu ne manya. Ta farko ita ce a bar lambobin yadda suke, a ce wa magini ya ware wani kaso. Gundumar Montgomery ta jihar Maryland ta fara haka a 1974: kashi 12.5 zuwa 15 na gidajen babban rukuni a sayar ko a bayar haya a kan farashi ƙayyadadde, a saka wa maginin da izinin ƙara yawan gidaje. Ta samar da sama da gida 10,000 a warwatse cikin unguwanni masu kyau, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ingila tana yin makamancinsa ta sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, inda ake ciniki tsakanin hukuma da magini a kan kowane aiki. Matsalar ciniki ita ce wanda ya fi lauyoyi da masu lissafi ya fi cin riba. Magina sun ƙware wajen kawo takardar da ke nuna aikin ba zai fita ba idan ba a rage kason ba. Kuma ko ta yi aiki, wannan hanya tana taimakon wanda ya cancanta kuma layi ya kai kansa ne. Mai albashin da ya ɗan haura ƙa'idar cancanta amma bai kai na babban gida ba, yana nan a tsakiya.

Ta biyu ita ce a canja lambar kanta, tun kafin kowa ya zo da taswira, ta yadda duk wanda ya cika sharaɗi zai karɓi izini a kanta ba sai an tara jama'a ba. Ni a ganina wannan ce ta fi kama jijiyar matsalar, kuma birnin Houston na jihar Texas ne shaida. A 1998 ya rage mafi ƙanƙantar fuloti a tsakiyar birni daga murabba'in ƙafa 5,000 zuwa 1,400 bisa wasu sharuɗɗa, a 2013 ya faɗaɗa hakan zuwa sauran sassan da ke da bututun ƙazanta. Dubun-dubatar gidaje suka tashi a kan ƙananan fulotai, inda da gida ɗaya yake sai ga uku. Dabarar siyasar da ta sa abin ya wuce ita ce an bar wa mazauna kowane layi damar su haɗu su nemi a bar musu tsohon awonsu. Masu zafin adawa suka kare layinsu suka yi shiru, sauran birnin ya ci gaba. Wani zai ce wannan ai sakar wa masu ƙarfi mara ne, kuma da gaskiyarsa, amma an juya nauyin: yanzu mai son hanawa ne ke yawon tara sa hannu, ba mai son gini ba.

Sai dai kada a ruɗu. Yawancin waɗannan gidaje na Houston dogaye ne masu hawa uku, ɗakunansu ba su da ƙanƙanta, kuma ba talaka ke sayensu sabbi ba. Abin da za a ce da tabbaci shi ne sun fi sabon gida a kan cikakken fuloti a unguwa ɗaya araha nesa ba kusa ba, kuma iyali uku sun samu wuri inda da ɗaya ne. Ƙaramin fuloti ƙasa yake ragewa, ba ya rage kuɗin katako, lada ko ruwan banki. Wanda abin hannunsa bai kai kuɗin ginin kansa ba, sai da tallafi, kowace irin doka aka yi.

Minneapolis ta jihar Minnesota ta koyar da darasi na daban. A Disambar 2018 majalisar birnin ta amince a yi gida uku a fulotin da a da na iyali ɗaya ne, duniya ta ɗauka. Amma an bar iyakar tsawo da ta girman gini kusan yadda suke, gida uku suka rasa inda za su shiga, kaɗan aka gina. An yi ba a yi ba. Abin da ya riƙe kuɗin haya a birnin, wanda ya tashi da kusan kashi 1 kacal daga 2017 zuwa 2022 alhali na sauran jihar ya tashi da kashi 14, manyan benaye ne a bakin manyan hanyoyi da soke tilascin wurin ajiye mota. Idan aka kwance lamba ɗaya aka bar 'yan rakiyarta, su za su ci gaba da aikinta. Auckland ta New Zealand ta kwance da yawa lokaci guda a 2016, a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama, kuma cikin shekara biyar izinin gini ya kusa ninkawa, mafi yawa gidaje masu jingine da juna.

Ba kuma cewa ake a zubar da kowane awo ba. A 2013 Ingila ta ba da damar mayar da ofisoshi gidajen zama ba tare da cikakken izini ba, sai ga wasu ɗakuna da ko taga babu. Dole gwamnati ta dawo ta wajabta hasken rana, sannan daga 2021 ta ɗora musu awon girman gida na ƙasa baki ɗaya, wanda mafi ƙanƙantarsa murabba'in mita 37 ne ga mutum ɗaya. Irin wannan awo mai zaman ɗakin yake karewa. Tambayar da ya kamata a yi wa kowace lamba ke nan: wa take karewa, na cikin gidan ko na tsallaken titi? Mita 37 amsarta a fili take. Eka guda ga kowane gida a wurin da ke da famfo da bututun ƙazanta, ita ma amsarta a fili take.

Da yake garuruwa kaɗan ne ke iya ƙwace wannan iko daga hannun masu zaɓensu, jihohi sun fara shigowa ta sama. Oregon ta yi a 2019, Montana a 2023. Birnin Austin da kansa ya rage awon fulotinsa daga murabba'in ƙafa 5,750 zuwa 1,800 a 2024. A 2025 majalisar Texas ta yi dokar da ta nufi sabbin unguwanni kai tsaye: biranen da suka haura mutum 150,000 a gundumomin da suka haura 300,000 ba za su tilasta fulotin da ya wuce murabba'in ƙafa 3,000 ba a sabuwar gonar da ta kai eka biyar. Da 1,400 aka shigar da ƙudurin, ciniki ya mayar da shi 3,000, aka kuma tsame tsoffin unguwanni. Biranen sun yi kukan an tauye musu iko, kuma an tauye ɗin. Amma ikon da kowane gari ke amfani da shi don tura wa maƙwabcinsa nauyi, dama can ba na gari ɗaya ba ne.

Da sauran rina a kaba. Dokar ta hana birni tilastawa ne, ba ta tilasta wa magini yanka ƙanana ba, kuma ƙananan garuruwan bakin birni, inda gonakin suka fi yawa, ba su shiga ciki ba. Sannan akwai dokar da ba majalisa ke yin ta ba. Mai yanka fili yakan rubuta sharuɗɗa a cikin takardun mallaka, cewa gida a wannan unguwa ba zai gaza ƙafa kaza ba, ba za a raba fuloti ba, ba za a gina ɗakin haya a baya ba, ya miƙa wa ƙungiyar masu gidaje ta riƙa tsarewa. Waɗannan sharuɗɗa suna bin ƙasar daga mai saye zuwa mai saye shekaru aru-aru, babu zaman jin ra'ayi a kansu, babu zaɓen da ke sauke su cikin sauƙi. A Houston lauyoyin birni ne da kansu ke kai wanda ya karya su kotu, kuma dokar Texas ta 2025 ta bar su yadda ta same su.